Malamin Motsa Jiki a Ƙasar Maraɗi: Tarihin Koyo daga Abokan Aiki

Tun kafin makarantar boko ta iso kwarin Gulbin Maraɗi, inda Katsinawan da jihadi ya raba da birninsu suka kafa sabuwar sarauta a farkon ƙarni na 19, kuma Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, horar da jikin matashi yana da lokacinsa da masu kula da shi, duk da cewa babu wanda ake kira malaminsa. Da kaka, in an kai amfanin gona rumbu, samarin gari sukan fita dandali su yi langa da kokawa, mahauta su ɗaura dambe, Sarkin Samari kuma, wato shugaban da matasa ke bi a ayyukan gayya da bukukuwa, shi ke tsara fita zuwa ƙauyukan maƙwabta. Yaro yakan koyi kamu da kaye daga wanda ya girme shi da shekara biyu ko uku, sannan ya gyara kuskurensa a hannun tsaransa, tsofaffin 'yan kokawa suna gefe suna tsawatarwa. Ilimi ne da ke yawo tsakanin abokai, babu littafi balle takardar shaida.

Mulkin Faransa ya shigo da wani tsari dabam, wanda ya mayar da motsa jiki darasi mai sa'a da jeri da usur, kuma ya jingina sosai ga tafarkin Georges Hébert, wani hafsan sojan ruwa da ya gina koyarwarsa a kan gudu da tsalle da jifa da hawa da ɗaukar nauyi. A lakwal, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran makarantar boko, malamin aji ne ke fitar da yara fili, kuma abin da yake koya musu ya fi kama da faretin soja fiye da wasan dandali. Bayan samun 'yancin kai a 1960 darasin ya ci gaba da sunansa na Faransanci da ake taƙaitawa EPS, ya kuma samu gurbi a jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji, inda ake gwada ɗalibi a fili a ba shi maki.

Babban sauyi ya zo ne a zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da Samariya a matsayin ƙungiyar matasa ta ƙasa, kuma a ƙarƙashinsa aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jihar Maraɗi, ya lashe. Sunan Kantu ne filin kokawar birnin Maraɗi ke ɗauke da shi a yau. Mayar da kokawa gasar ƙasa, wadda yanzu jihohi 8 ke tura mata 'yan wasa goma-goma domin neman takobi, ya tilasta a rubuta ƙa'idoji, a ƙayyade lokaci, a kuma samar da alƙalai da masu horarwa. A nan ne malaman motsa jiki, waɗanda cibiyar matasa da wasanni ta ƙasa da ke Yamai, INJS, ke yayewa, suka haɗu da tsofaffin gwanayen dandali, kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa: malami ya san ɗumama jiki da tsara atisaye da kula da rauni, gwani kuma ya san dabarar kamu da halin abokin karawa.

Sai dai malamin motsa jiki ya daɗe yana fama da kaɗaici irin wanda malamin lissafi ko na Faransanci bai cika sani ba, domin a kwalejojin karkara sau da yawa shi kaɗai ne a fanninsa, ba shi da wanda zai tattauna da shi yadda ake koyar da tsalle ga aji mai cunkoso, da ƙwallo ɗaya, a fili mai rairayi, cikin zafin watan Afrilu ko ƙurar hunturu. Lamarin ya ƙara nauyi daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da gwamnati ta fara ɗaukar malaman kwantaragi da yawa domin buɗe sababbin makarantu, waɗanda da dama daga cikinsu suka shiga aji da ɗan gajeren horo. Maganin da hukumomin ilimi suka dogara da shi shi ne haɗa malamai su koyar da juna. A firamare ana kiran wannan haɗuwa CAPED, wato taron malaman makarantun da ke kusa da juna, inda ɗaya zai gabatar da darasi a gaban sauran, su kuma su yi masa gyara. A sakandare kuwa malaman fanni guda ne ke zama tare domin daidaita manhaja da hanyar ba da maki. Matsalar tsarin ita ce kuɗin mota da nisan hanya, abin da ke sa a ɗage taro ko a soke shi.

Wannan giɓi ne horo daga nesa ya zo cikewa. Shirin IFADEM, wanda ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta kafa domin horar da malamai suna bakin aikinsu, ya shigo Nijar da littattafan koyon kai da masu bibiya, ko da yake ya fi mayar da hankali ga harshe da darussan aji. Wayar salula ce ta fi yi wa malamin fili amfani, tun ba bayan rufe makarantu a Maris na 2020 saboda annobar korona ba, lokacin da zaurukan WhatsApp suka zama wurin musayar jadawali da sanarwa da tambayoyi. Fannin motsa jiki ya dace da wannan hanya fiye da sauran, saboda motsi abu ne da ake gani: bidiyon daƙiƙa 30 da malami a Jiratawa ya ɗauka na yadda ɗalibi ke miƙa sanda a tseren ba-ni-in-ba-ka ya fi shafi biyu na bayani, saƙon murya cikin Hausa kuma yana isa ga mai horar da 'yan kokawa wanda bai yi lakwal ba.

Amfanin wannan musaya yana da iyaka da ya kamata a sani. Kuɗin intanet daga aljihun malami yake fita, wuta da layin sadarwa ba su wadata a ƙauyuka ba, kuma abin da aka koya a zauren waya ba ya shiga takardar ƙarin girma. Bugu da ƙari, babu mai tantance abin da ake turawa, ta yadda atisayen da aka tsara don manyan 'yan wasa zai iya faɗawa kan yaro ɗan shekara 12 ya ji masa ciwo. Saboda haka zaurukan sun fi yin albarka inda sufeto ko mai ba da shawara kan koyarwa yake ciki, kuma inda malaman kan haɗu a fili lokaci-lokaci domin su gwada da jikinsu abin da suka gani a waya kafin su kai shi gaban ɗalibai.