Kitsen Hanta: Daga Akara Zuwa Maraɗi

Duk mahaucin da ke babbar kasuwar Maraɗi ya san hantar da kitse ya cinye: ta kumbura, ta koɗe, jan nan nata ya gushe. A jikin ɗan Adam kuwa, yau da an ambaci kitsen hanta sai hankali ya koma kan masu ƙiba da ciwon suga. Amma a Afirka ta Yamma ba ta ƙofar ƙoshi cutar ta shiga littattafan likitanci ba.

A 1929 aka tura wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau. A asibitin yara na Akara ta yi ta karɓar yaran da aka yaye bisa kunun masara zalla: ƙafafu a kumbure, fata na saɓulewa, gashi ya yi ja. Da ta binciki gawar waɗanda suka rasu, sai ta tarar hantarsu cike da kitse, alhali yunwa ce ta kashe su. Ta bayyana cutar a 1933, kuma a 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga suka daɗe da raɗa mata, kwashiyoko, ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Wasu manyan likitocin Ingila suka ce ta ruɗe ne, wata tsohuwar cuta ce ta ƙarancin bitamin. Ita ta ga yaran da idonta, kuma ta saurari iyayensu mata. Su daga Landan suke hukunci. A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sai a 1980 Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a Amurka suka siffanta ɗaya fuskar, wato hanta mai kitse da kumburi a jikin wanda ba ya shan giya.

Jihar Maraɗi ta san fuskokin biyu. A matsalar abinci ta 2005, ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar dubban yara masu tamowa a nan, har da Tibiri. Mafi yawansu ramewa suka yi, wasu kuwa da kumburin da Williams ta siffanta aka kawo su. Gyaɗa, wadda ta gina arzikin birnin zamanin Turawa, ita ce tushen abincin leda da aka ceto su da shi. Yau ana loda kayan lambun Jiratawa zuwa birnin da lemun kwalba da zaman shago suka yawaita, kuma na'urar hoton ciki kan nuna kitse a hantar magidancin da bai taɓa jin ciwo a haƙarƙarinsa na dama ba.