Izinin fayil a Linux

Izinin fayil tsari ne da manhajojin sarrafa kwamfuta na dangin Unix ke bi wajen tantance wanda zai iya karanta fayil, ko rubutu a cikinsa, ko gudanar da shi. Tsarin ya samo asali daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ƙirƙira a Bell Labs da ke Amurka a shekarar 1969. Linux, wadda Linus Torvalds ya fitar daga Helsinki a 1991, ta gaji wannan tsari.

Yadda yake aiki

Kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, sai kuma sauran jama'a. Karatu lambarsa 4, rubutu 2, gudanarwa 1, kuma tara su ake yi. Wato 755 na nufin mai fayil yana da duka ukun, sauran kuwa karatu da gudanarwa kawai. Umarnin ls -l yana nuna izini, chmod yana sauya shi, chown kuma yana sauya mai fayil. Asusun root, wato na mai cikakken iko, yana tsallake akasarin waɗannan shingaye.

Matsala wajen harhaɗa kanel

Kanel ita ce zuciyar manhajar, ita ke shiga tsakanin na'ura da sauran manhajoji. Masu koyon harhaɗa ta sukan ci karo da saƙon "Permission denied", kuskure mai lamba 13, kuma galibi su ne suka jawo. Idan mutum ya yi sudo make ko da sau ɗaya ne, duk fayilolin da aka samar mallakin root ne. In ya dawo da asusunsa na yau da kullum, make ba zai iya rubutu a kansu ba, sai aikin ya tsaya cak. Maganin shi ne ya maido da mallakar foldar ga kansa da sudo chown -R. Umarnin make mrproper yana share tarkacen, amma yana haɗawa da fayil ɗin .config, don haka a fara adana kwafinsa.

Takardar bayanin kanel ɗin kanta ta ba da shawarar a guji /usr/src/linux, a zuba fayilolin a inda mutum ke da izinin rubutu, kamar foldarsa ta gida. Sai a matakin girkawa, wato make modules_install da make install, ake buƙatar root.

Wani sanadin shi ne zuba fayilolin a filashi mai tsarin FAT32, wanda ba ya riƙe izinin Unix, ba ya kuma bambanta babban harafi da ƙarami, alhali akwai fayilolin kanel da wannan kaɗai ya raba sunayensu. Haka ma faifan da aka ɗora da zaɓin noexec ba ya barin a gudanar da fayil kai tsaye daga cikinsa.

Wasu kan gaji su yi chmod -R 777. Wannan ganganci ne, domin a kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, kamar ta ɗakin kwamfuta a makaranta, kowa na iya cusa abin da ya ga dama cikin lambobin da daga baya za a girka da ikon root.