Neman Makarantar Ƙaitabai a Birnin Manzo

Duk wanda ya zo Madina yau zai ga dogayen otel-otel da farfajiyar marmara, har ya ɗauka garin bai taɓa samun tsofaffin makarantu irin na Alƙahira ko Fas ba. Ya samu, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce Ashrafiyya.

Ga asalinta. A daren 13 ga Ramadan, shekara ta 886 bayan hijira, wato 1481, tsawa ta faɗa wa babbar hasumiyar Masallacin Annabi (SAW), ta kashe ladani, gobara ta cinye rufin masallacin. Sarkin Masar na lokacin, Ashraf Ƙaitabai, wanda ya yi mulki daga 1468 zuwa 1496, ya aiko magina da kayan aiki, aka sake ginin. Sannan ya sa aka gina makaranta manne da bangon yamma, tsakanin Babus Salam da Babur Rahma, tare da masaukin ɗalibai, ya aiko littattafai, ya kuma tsayar da waƙafi domin ciyar da mazaunanta.

Ina zaune a unguwar Jurf, arewa maso yammacin gari, inda rundunar Usama ɗan Zaidu ta yi sansani a shekara ta 11 bayan hijira. Daga can na taso wata safiya da niyyar ganin wannan makaranta. Na bi bangon daga ƙofa zuwa ƙofa, ban samu ko tubali ɗaya nata ba. Sarkin Usmaniyya Mahmud na Biyu ya gina Mahmudiyya a gurbinta wajen 1821, ita ma faɗaɗa masallacin da aka yi tsakanin 1951 da 1955 ta tafi da ita. Rubutattun littattafan Mahmudiyya ne suka tsira, suna ajiye a cibiyar ɗakunan karatu ta Sarki Abdul'aziz a nan Madina.

Cikin abin da ido zai iya gani daga zamanin Ƙaitabai akwai hasumiyar da ke kusa da koren kubba. Na daɗe ina kallonta: ƙasanta mai kusurwa huɗu, sai mai takwas, sai kewayayye. 'Yan'uwanmu na Azhar sun fi mu sa'a, domin masallaci da makarantar da ya gina a maƙabartar arewacin Alƙahira, waɗanda aka gama a 1474, suna nan tsaye. An sassaƙa kubbarsu ta dutse da zanen taurari saƙe da furanni, kuma hoton ginin ne ke jikin takardar fam ɗaya ta Masar.

To, yaya muka san labarin abin da ya ɓace? Albarkacin alƙalamin malamai irin su Samhudi, marubucin Wafa'ul Wafa, wanda ya rasu a 1506. Littattafansa sun ƙone a waccan gobara, amma bai karaya ba, ya zauna ya rubuta siffar masallacin da unguwannin garin dalla-dalla.

Nan ne tunanina ya koma gida. Ƙaitabai tsaran Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ta kasance masallaci kuma makaranta, ana danganta ta da wannan ƙarni. Ita da ƙasa aka gina ta, kowace damina tana zaizayar rabonta. Idan makarantar dutse mai waƙafin sarki ta iya ɓacewa, ina ga ta ƙasa?

Shawarata, duk wanda ya je hutu ya ziyarci tsohon masallaci ko makarantar garinsu, ya ɗauki hoto, ya auna, ya tambayi dattawa, ya rubuta. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa mu dace.