Yadda muka koyi sa ido a kan jigilar bayanan LHC

A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake tsara yadda za a rarraba bayanan injin LHC na cibiyar CERN da ke Janiba, babu abin da ake tsoro kamar layin sadarwa. Shi ya sa tsarin MONARC ya zo hawa-hawa: CERN a sama, manyan cibiyoyin ƙasashe a tsakiya, jami'o'i a ƙasa. Kowa ya san inda zai karɓo fayil. Sa ido a wancan zamani bai wuce ƙirga fayilolin da suka isa da waɗanda suka maƙale ba. Ƙungiyar gwajin CMS ta LHC ta fara amfani da manhajar PhEDEx a 2004, manhajar FTS kuma ke yin dakon.

Da aka fara tara bayanai gadan-gadan a 2010, sai layukan suka nuna sun fi ƙarfin yadda aka zata. Aka sassauta tsarin, kowace cibiya ta iya ɗebowa daga kowace, aka kafa hanyar sadarwa ta LHCONE. Nan ne wahalar gaske ta fara.

Layin da ya mutu ba ya ba mu tsoro, domin nan take ake gani. Wanda ke cinye mana makonni shi ne mai rai da ciwo a ciki. Na'ura guda a tsakanin nahiyoyi tana zubar da 'yan ƙunshin bayanai ƙalilan, ƙa'idar TCP kuwa da ta ga asara sai ta rage gudu, kuma nisan tafiya yana ƙara tsananta abin. Fayil ya isa, allo kore shar, amma aikin awa guda ya kai kwana. Ka tambayi mai turawa da mai karɓa, kowa ya ce ba daga wajensa ba ne, kuma da gaskiyarsa. Sai da aka girka manhajar perfSONAR a cibiyoyi, tana auna jinkiri da asara dare da rana, aka daina wannan musu. A ganina ta cancanci yabo fiye da wanda take samu.

Saura makafin wurare. Ayyukan da ke karanta fayil daga nesa ta manhajar XRootD suna aiko rahotonsu ta ƙa'idar UDP, wadda ba ta tabbatar da isar saƙo, don haka lissafinmu ya daɗe yana kasa wanda masu layin ke gani. A wani gwajin jigilar bayanai na Fabrairun 2024 an kai kusan terabit 2.4 a daƙiƙa, amma tantance wace ƙungiya ce ta tura me a kan layin haɗaka bai zo da sauƙi ba. Dalili ke nan ake aikin Scitags, wato yi wa zirga-zirgar lamba tun daga tushe, kafin LHC mai ƙarin ƙarfi ya soma a kusan 2030.