Kakakin Bargu da Jakar Gwamnati

Tun kafin Turawan Faransa su sa ƙafa a ƙasar Bargu, fataken Kano da na Katsina suna ratsa ta da jakuna. Suna kai kanwa da tufafi Gwanja, su komo da goro. Biyu daga cikin manyan zangunansu su ne Paraku da Jugu, a arewacin ƙasar da ake kira Benin yau. Paraku ta girma a gefen tsohon ƙauyen Kpebiye, wanda ya zama unguwa a cikin birnin. A Jugu kuwa baƙi suka zauna a Wangara, kusa da gidan sarauta na Kilir.

A wancan zamani sarki ne yake ciyar da makaɗi da mabushi da maroƙi, attajiran zango kuma suna yi musu kyautar riga da goro. Babbar ranarsu ita ce bikin Gani, wanda ake yi a Nikki cikin watan Maulidi. Sarakunan Bargu su taho da dawakai su yi gaisuwa, a busa kakaki irin na fadojin Hausa, a yi wa 'ya'yan sarauta aski. Jugu ma tana da nata Ganin. Da Faransa ta kama ƙasar, arzikin sarakuna ya ragu, na makaɗa ma ya ragu tare da shi.

Ƙasar ta sami 'yanci ran 1 ga Agusta 1960 da sunan Dahomey. A 1972 Mathieu Kérékou, soja ɗan arewa, ya karɓi mulki, a 1974 kuma ya ce ƙasar ta bi tafarkin gurguzu. Gwamnatinsa ta karɓe makarantun mishan, ta ture sarakuna gefe, ta yi yaƙi da maita har aka sare waɗansu itatuwan tsafi. Amma ba ta hana kiɗa da rawa ba, gama tana bukatarsu domin yabon juyin juya hali. Nan mawaƙa suka ga gaskiyar maganar mutanen dā, cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Cikin Fabrairu 1990 aka yi babban taron ƙasa a Kwatano, Bishop Isidore de Souza ne ya shugabance shi, mulkin jam'iyya ɗaya ya ƙare. Ran 25 ga Fabrairu 1991 aka kafa dokar al'adu ta ƙasa, wadda ta ɗora wa hukuma nauyin kula da harsuna da fasahar kowace kabila. A 1992, zamanin Shugaba Nicéphore Soglo, aka buɗe asusun taimakon al'adu. A 1993 gwamnati ta shirya babban bikin bodun, addinin gargajiya na kudu, a garin Wida. A 1997 doka ta mai da 10 ga Janairu ranar hutu ta addinan gargajiya. Abin mamaki, shugaban ƙasa a lokacin shi ne Kérékou ɗin nan, ya komo ta hanyar zaɓe a 1996 yana shaida cewa ya karɓi Almasihu.

Bayan zaɓen Patrice Talon a 2016, gwamnati ta ɗauki al'adu hanyar jawo baƙi masu yawon buɗe ido. Cikin Nuwamba 2021 Faransa ta mayar da kayan sarauta 26 da sojojinta suka kwashe daga Abomey a 1892. Yawancin manyan ayyukan a kudu aka yi su, amma an sa ginin sabuwar fada da filin Gani na Nikki cikin shirin.

Duk wannan tarihi yana nuna abu guda. Kuɗin hukuma yana zuwa inda akwai fada, ko babban taro, ko abin da baƙo zai ɗauka hoto. Yana kuma juyawa idan mai mulki ya juya. Waƙar daka ta matan zango, da tatsuniyar kaka, da kirarin mahauta ba su da fada, ba su da mai cika musu takarda da Faransanci. Haka nan waƙoƙin zumuntar mata da ake yi da tulu da caki a ƙananan majami'u.

Ga Masu Bi da ke jin Hausa akwai kuskure biyu a nan. Na fari shi ne a ce dukan al'ada tsafi ce, a guje ta. Na biyu shi ne a bi kowane taro don an raba kuɗi. Krista ba ya miƙa hadaya a wurin tsafi, ko wa ya biya. Amma harshe da kiɗa da karin magana baiwar Allah ce, kuma Ekklesiya ta daɗe da sanin haka. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, masu bishara kuma suka yi shekaru suna rubuta harsunan arewacin Benin suna koya wa manya karatu, ba da kuɗin asusun al'adu ba.

Neman rabo daga asusun hukuma ba laifi ba ne, gama Masu Bi ma suna biyan haraji. Amma aikin da ba ya jira shi ne na gida: dattawan Ekklesiya su sa matasa su zauna da tsofaffin Kpebiye da na zangon Jugu, su rubuta waƙoƙi da labarun fatake tun masu su suna da rai. Wannan ba ya bukatar kome sai littafin rubutu da haƙuri.