Jan layin gwajin masassara: yadda ake sa wa sojojin jiki alama

Masu saurarenmu na Arlit da Akokan, da ƴan uwa mazauna Aljeriya, Libiya da Faransa, kuna yawan tambayarmu: yaya ɗigon jini ɗaya ke nuna mutum na da palu cikin minti 15 ko 20? Amsar tana cikin abin da ake kira sa wa sojojin jiki alama.

Su wane ne sojojin jiki?

Idan ƙwayar cuta ta shiga jini, jiki kan ƙera wasu ƙananan sojoji, waɗanda likitoci ke kira antikor. Kowane soja abu guda ya sani, shi kaɗai yake kamawa. Masana sun iya samar da su a ɗakin bincike don farautar cuta cikin jini. Matsalar ita ce ido ba ya ganinsu. Shi ya sa ake rataya musu alama, kamar yadda makiyayi ke sa wa akuya ƙararrawa don ya san inda ta shiga. Alamun da aka fi sani iri huɗu ne.

1. Zinariya

Wannan ita ce a cikin TDR, ɗan farin robar da ake gwajin palu da shi a CSI. Ana manna wa sojojin ƙurar zinariya, ƙanana ƙwarai: in aka jera kimanin 25,000 sannan su kai milimita ɗaya. A wannan ƙanƙanta zinariya ja take fitowa. In akwai sinadarin HRP2 na ƙwayar palu a jinin, sojojin su kama shi su taru wuri guda, sai jan layi ya bayyana. Wato ƙarfen da samarinmu ke nema a Tchibarakaten da Djado tun 2014, shi ne ke rubuta sakamakon. Da irin wannan dabara cibiyar CERMES ta Yamai da Institut Pasteur suka haɗa gwajin gaggawa na sanƙarau.

2. Sinadari mai sauya launi

Ana kiran hanyar ELISA. Eva Engvall da Peter Perlmann suka fito da ita a Suwidin a 1971. Alamar wani sinadari ne da ke juya ruwan gwaji zuwa launi, na'ura kuma ta auna kaurin launin. Ana amfani da ita wajen binciken sida da ciwon hanta, da tantance jini kafin a ƙara wa mara lafiya.

3. Rini mai ƙyalli

Albert Coons ya fara ta a Amurka a 1941. A ƙarƙashin madubin likita mai haske na musamman, duk inda sojan ya kama sai ya yi ƙyalli kore. Da ita ake tabbatar da haukan kare a ƙwaƙwalwar dabba.

4. Tururin nukiliya

Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙirƙiro ta a New York wajen 1960, don auna insulin, kuma Yalow ta samu kyautar Nobel a 1977. Alamar ita ce iyodi mai fitar da tururi, wanda ake samarwa a tukunyar nukiliya mai aiki da uraniyom, irin wanda SOMAÏR ta fara haƙowa a nan a 1971. A Nijar, cibiyar IRI ta jami'ar Abdou Moumouni ce ke da sashen likitancin nukiliya. A wannan gwaji tururin yana cikin kwalba tare da jinin da aka ɗiba, ba ya shiga jikin mutum. Kuma a sani, duk gwaje-gwajen nan huɗu ba sa auna tururin da ma'aikacin ma'adini ya sha. Wannan aikin wasu na'urori ne daban.

Abin kiyayewa

Layin C shi ke nuna gwajin ya yi aiki. In bai fito ba, babu sakamako, sai a sake. Layin T ko da dishi-dishi ne, ana ƙirga shi. A karanta a lokacin da aka rubuta a kwali. Layin da ya fito bayan awa guda ba abin dogaro ba ne.

Zafi na lalata sojojin. Yawancin kwalayen ba sa son wuce digiri 30 ko 40, ga shi bazarar Arlit na zarce haka. Gwajin da ya yini a rana a teburin kasuwa ko cikin mota, a bar shi.

HRP2 kan daɗe makonni a jini bayan an warke, don haka a faɗa wa ma'aikacin lafiya in an sha magani kwanan nan. In kuma gwaji ya ce babu palu amma jikin yaro na zafi, kada a zauna gida, a koma asibiti a nemi dalili.

Tun 2010 hukumar OMS ta ce a gwada kafin a ba da maganin palu. Ƴan uwa masu aiko da kuɗin magani daga waje, ku fara tambaya: an yi gwaji? Allah Ya ƙara mana lafiya.