Tsohuwar Bindiga da Darajarta a Ƙasar Dagwamba

Wanda ya taɓa halartar bikin Damba ko makokin wani basarake a Tamale da ƙauyukan da ke kewaye da ita, irin su Dungu, ya san ƙarar bindigar Kambonsi. Su ne mayaƙan gargajiya na sarakunan Dagwamba. A Kano irinsu ake kira 'yan bindigar sarki, kodayake ɗalibi ya lura cewa kalmar 'yan bindiga ta ɗauki mummunar ma'ana a Hausar jaridu.

Asalin kalmar Kambonsi a harshen Dagbani na nufin mutanen Asante, waɗanda Hausawa fataken goro ke kira Tonawa. A wajajen 1744 rundunar Opoku Ware ta mamaye ƙasar Dagwamba, kuma daga wannan hulɗa ne bindiga ta samu gindin zama a fadar Yendi. Daga bakin teku take fitowa, inda Turawa, har da 'yan Danmak da ke Osu, suke musayar ta da zinariya da bayi. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a sake ɗuri. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu irin wannan.

An ga sakamakon a Adibo, kusa da Yendi, ranar 4 ga Disamba, 1896. 'Yan tsirarun sojojin Jamus ƙarƙashin Valentin von Massow suka kashe ɗaruruwan mayaƙan Ya Na Andani, domin kafin Kambonsi su gama ɗuri an riga an yi musu ruwan harsashi. Shekara guda bayan haka kamfanin Winchester na Amurka ya fito da samfurin 1897, ƙirar John Browning, wadda ja ɗaya da hannu ke fitar da kwanson harsashi ya saka sabo. An ƙera fiye da miliyan ɗaya kafin a daina a 1957.

Masu tara irin wannan bindiga a Amurka lambar masana'anta suke fara dubawa, don sanin shekarar ƙira, sai launin ƙarfen. Idan an goge ta ko an sauya mata katako, kuɗinta ya faɗi. A ƙasar Dagwamba ma'aunin daban ne. Bindigar gado ta sha zuwa wurin maƙeri, an sake mata gindi, an naɗe ta da fata, wata ma an ɗaura mata layu, kuma duk wannan bai rage mata komai ba a idon masu ita. Abin da ake tambaya shi ne wa ya riƙe ta, kuma a makokin wane sarki ta yi ƙara. A ganina mai nazarin tarihi ya fi samun abin karantawa a jikin ta biyun, sai dai ba ta da lamba. Labarinta a bakin dattawan gidan yake, kuma da Dagbani za a tambaye su.